Tikiti a Hannun Mawaƙi: Amana ko Bashi?

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowar, biyu daga Jihar Kebbi, biyu daga Jihar Zamfara, kuma dukkansu suna magana ne a kan kuɗin tikitin wasa da yadda ake biyan ƙananan mawaƙa da makaɗa daga cikinsa. Mun sakaya sunayen masu tambaya da na waɗanda suke ƙorafi a kansu, kamar yadda muka saba.

Tambaya daga Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Ni ne shugaban wata ƙaramar ƙungiyar waƙa ta mutum shida: ni da nake rerawa, da mai fiyano, da mai kalangu, da 'yan amshi uku. A Sallar da ta wuce wani mai shirya wasanni ya ɗauko wani babban mawaƙi daga Kano, ya ce mu ne za mu buɗe fage kafin ya hau. Ya ba mu tikiti 100, kowanne naira 2,000, bisa sharaɗin mu kawo masa naira 150,000, abin da ya hau kai namu ne. Guda 62 muka iya sayarwa. Da muka kai masa naira 124,000 tare da ragowar tikitin, sai ya ƙi karɓar ragowar, ya ce yana binmu naira 26,000. Mun yi wasan, ba mu sami ko sisi ba, kuma har yanzu yana yi mana aike. Shin haka ake yi a ko'ina, kuma dole ne mu biya?

Amsa

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari mu fara da lissafin, domin a cikinsa amsar take. Da kun sayar da tikitin duka, da kun tara naira 200,000, ku ba shi 150,000, ku riƙe 50,000, wato kashi ɗaya cikin huɗu, wanda idan aka raba wa mutum shida kowa zai tashi da naira dubu takwas da 'yan kai. Amma kafin naira ɗaya ta shiga aljihunku sai kun sayar da tikiti 75, kuma duk tikitin da ya gaza wannan adadin daga aljihunku za a cike shi. Ka ga ke nan ribarku tana da iyaka, shi kuma kuɗinsa ya tabbata tun kafin a kafa lasifika, ko mutane sun zo ko ba su zo ba.

Yanzu ka kwatanta da wani tsarin wanda a ido yake kama da wannan. A ce ya ba ku la'adar naira 500 a kan kowane tikiti tun daga na farko, kuma wanda bai shiga ba ku mayar masa da abinsa. Wannan ma kashi ɗaya cikin huɗu ne, bai ƙara muku komai ba idan kun sayar da duka. Sai dai a kan guda 62 da kuka sayar, da kun tashi da naira 31,000, shi ya karɓi 93,000 da tikitinsa 38 ya sayar a ƙofa ranar wasa. A tsari na farko tikitin ya zama bashi a wuyanku tun ranar da kuka karɓa, a na biyu kuwa amana ce kuke riƙe da ita ku sayar a madadin mai ita. Abin da ya kamata kowane mawaƙi ya tambaya kafin ya miƙa hannu ya karɓi damin tikiti shi ne: wanda bai shiga ba, na wane ne?

Ka tambaya ko haka ake yi a ko'ina. Ana yi, amma ba a ɗauke shi abin yabo ba. Wannan tsari na sai mawaƙi ya biya kafin ya hau dandali ya yi ƙaurin suna a gidajen wasa na birnin Los Anjelis da ke Amurka a shekarun 1980, lokacin da ƙungiyoyin matasa suka yi yawa, wuraren wasa suka yi kaɗan, masu wuraren suka gane cewa za su iya ɗora wa matasan kuɗin haya ta hanyar tilasta musu sayen tikiti. Ƙungiyar ƙwadago ta makaɗan Birtaniya ta daɗe tana yaƙi da shi, tana kuma jan kunnen 'ya'yanta da kada su shiga yarjejeniyar da za ta sa su yi aiki sannan su ciro kuɗi daga aljihunsu. A ƙasar Hausa kuwa abin baƙo ne ƙwarai. Makaɗan fada da aka yi a ƙasar Kabi da Yawuri da Zamfara ba su san tikiti ba; ubangida ne yake ɗaukar nauyinsu, ya ba da doki da riga da hatsi, jama'a kuma su yi kari. Ko da biyan kuɗin ƙofa ya shigo ta gidajen sinima da gidajen dambe, mai gida ne yake tsayar da mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa, makaɗi ya zo ya yi kiɗansa ya karɓi sallamarsa. Idan kuma makaɗi ya kira ajo, shi ne mai taron, shi ya gayyato mutane, abin da aka tara nasa ne. Ba a san a ce makaɗi ya yi wa wani kiɗa a taronsa sannan ya biya shi ba.

Hanyoyin biya da aka sani a wannan sana'a ba su da yawa. Akwai yankakken lada, inda ake tsayar da kuɗi tun farko, a ba da kafin alƙalami, a cika ranar wasa, ko zaure ya cika ko bai cika ba. Wannan shi ne abin da manyan mawaƙa suke karɓa, kuma ba na shakka shi baƙonku na Kano ya karɓa. Akwai raba kuɗin ƙofa bisa kashi. Akwai wanda yake haɗa biyun, a ce mawaƙi zai karɓi yankakken ladan ko kasonsa na ƙofa, duk wanda ya fi yawa. Sai kuma la'adar sayar da tikiti, wadda ni a ganina ba ladan waƙa ba ce ko kaɗan, ladan dillanci ce. Aiki biyu kuka yi wa mutumin nan: kun yi yawo unguwa-unguwa kuna tallata masa taro a tsakanin 'yan'uwanku da abokanku, sannan kun hau dandali kun riƙe masa jama'a har baƙonsa ya iso. Ko da ladan na biyun bai wuce kuɗin mota da na abinci ba, ya kamata a ambace shi daban.

Game da raba kuɗin ƙofa akwai wani wuri da ake yawan yin tuntuɓe, kuma gara in faɗe shi tun yanzu domin nan gaba za a kawo muku wannan tayin. Idan aka ce muku kashi 70 naku, 30 na mai shiryawa, ku tambaya: daga me? Mu ɗauka mutum 300 sun biya naira 2,000, an tara 600,000, an kuma kashe 350,000 a kan hayar zaure da kayan sauti da man janareto da masu tsaro da buga tikiti da sanarwar rediyo. Kashi 70 na abin da ya rage bayan cire ɗawainiya naira 175,000 ne, kashi 70 na dukkan abin da aka tara kuwa 420,000 ne. Ba aibi ba ne a fara cire ɗawainiya, domin babu mai shirya taron da zai yarda ya faɗi alhali zaure ya cika. Aibin shi ne a bar ɗawainiyar babu iyaka, sai bayan an watse a zo da dogon lissafi wanda ya cinye komai. A rubuta abin da za a kashe tun kafin wasa, a sa masa iyaka, a kuma yarda cewa duk abin da ba shi da rasit ba zai shiga lissafi ba.

Sai batun ko dole ne ku biya. A nan ba zan faɗa maka abin da zai yi maka daɗi kawai ba. Yarjejeniyar baka yarjejeniya ce, a shari'ar Musulunci da dokar ƙasa duka, wahalarta ita ce tabbatar da abin da aka faɗa. Idan a gaban shaidu ya ce muku naira 150,000 zai karɓa ko kun sayar ko ba ku sayar ba, kuka ce kun amince, to yana da abin riƙewa, ko da kuwa cinikin bai yi muku adalci ba. Idan kuwa ba a taɓa maganar tikitin da ya rage ba, kowa ya tafi da fahimtarsa, to ba shi da hujjar mayar da shirun da aka yi bashi. Shawarata ita ce kada ku yi gaba da shi, kada kuma ku ɓuya. Ku nemi dattijo a cikin sana'ar, ko wani da yake jin nauyinsa, a zauna a baje lissafin: kun kawo masa mutum 62 da kuɗinsu cif, kun yi masa wasa ba lada, kun kuma kai masa ragowar tikiti 38 da yake da damar sayarwa a ƙofa ya ƙi karɓa. Mai adalci idan ya ji wannan zai ce a yafe naira 26,000 a tashi babu mai bin wani. Nan gaba kuma ku rubuta, ko da a takardar littafin makaranta ce, kowa ya sa hannu, a ɗauki hotonta a waya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Tambaya daga Gusau

Malam, ni mai shirya wasanni ne, kuma na gaji da jin ana kiran mu azzalumai. Ni nake biyan zaure, ni nake sayen mai, ni nake bin ofisoshi neman izini. Idan na ba yaran nan tikiti ba tare da sharaɗi ba, sai su raba wa abokansu bashi, ranar wasa zaure ya cika amma babu kuɗi. Ta yaya zan kare kaina?

Amsa

Alhaji, ƙorafinka yana kan hanya, kuma duk wanda ya san Gusau ya san shirya wasa a can ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Tun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a jihar a shekarar 2000 aka rufe gidajen sinima, wuraren da suka rage su ne zaurukan biki da na makarantu, kuma dole taro ya bi ƙa'idojin Hisba da na jami'an tsaro. Matsalar tsaro a hanyoyi ta sa mutumin Ƙauran Namoda ko na Talatar Mafara ba zai zo wasan da zai kai shi dare ba. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, abin da janareto yake sha a yini ɗaya ya isa ya cinye ribar ƙaramin taro. Duk wannan gaskiya ne.

Amma maganin mai cin amana shi ne a tsare amanar, ba a ɗora asarar taro a kan wanda ya fi kowa rauni a cikinsa ba. Ka sa wa kowane tikiti lamba da hatimi, ya kasance yana da ɓari biyu, ɗaya na mai saye, ɗaya na ƙofa. Kada ka ba ƙungiya guda 100 a tashi ɗaya. Ka ba su 20, su kawo kuɗi su cire la'adarsu a nan take, sannan su karɓi wasu. Ka tsayar da ranar rufe lissafi, kwana biyu kafin wasa, wadda a cikinta kowane tikiti zai dawo ko a takarda ko a kuɗi, kuma wanda ya ɓata ko aka bayar bashi yana wuyan wanda ya karɓa. Wannan sharaɗi ne na adalci, domin yana kama mutum da abin da ya salwantar ne, ba da abin da kasuwa ta ƙi saye ba. Ka kuma yanka wa kowace ƙungiya tikitin kyauta kaɗan, biyar ko shida, na iyaye da masu gida, domin idan ba ka yanka ba za su yanka da kansu. A ƙofa a sami mutum biyu, naka da nasu, a ƙirga ɓarin tikiti tare kafin kowa ya tafi gida.

Akwai kuma abin da nake so ka duba ta fuskar kasuwancinka. Idan sharaɗin hawa dandalinka shi ne iya biyan kuɗi, to masu kuɗi za ka riƙa samu, ba masu murya ba, kuma 'yan kallo ba sa dawowa wurin da aka ɓata musu yamma. Idan ka ga taro ba zai iya ɗaukar nauyin kansa ba sai da kuɗin ƙananan mawaƙa, alama ce cewa ko baƙon da ka ɗauko ya fi ƙarfin zauren, ko kuɗin shiga bai dace da aljihun garin ba, ko kuma kana bukatar wani ɗan kasuwa ko kamfani ya ɗauki wani ɓangare na nauyin a sanya sunansa a sanarwa.

Tambaya daga Talatar Mafara

Ni ɗan amshi ne. Idan an biya mu, maigidanmu yana ba mu abin da ya ga dama, yana cewa kuɗin tikiti na ƙungiya ne, liƙi kuma nasa ne tunda shi ake yi wa. Haka ne?

Amsa

Ɗan'uwa, al'ada ta ba shugaban ƙungiya kaso mafi tsoka, kuma da dalili: sunansa ne yake jawo mutane, shi yake biyan situdiyo, sau da yawa kayan kiɗan ma nasa ne. Amma kaso mafi tsoka daban, abin da ya ga dama daban. Malaman fiƙihu sun shardanta a san lada kafin a fara aikin ƙodago, kuma hadisi ya zo da umarnin a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ku zauna a lokacin da babu kuɗi a gabanku, domin a nan ne ake iya magana da sanyin rai, ku tsayar da kason kowa da abin da za a ajiye a asusun ƙungiya don gyaran kaya da kuɗin mota. La'adar tikiti kuwa ta wanda ya sayar ce. Idan kai ka sayar da 30 wani ya sayar da biyar, ba daidai ba ne a raba muku daidai. Liƙi kuma, ko da a goshin maigida aka manna shi, waƙar da ta motsa mai liƙin da amshinku a ciki, don haka ya kamata ya shiga rabo.

Sai dai ku sani cewa sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta watsa takardun naira da taka su a wurin biki, hukuncinsa kuma ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun, kuma a 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da wasu fitattun mutane a Legas a kan haka. Ya fi muku aminci ku ajiye faranti ko akwati a gaban dandali, ko a rubuta lambar asusun ƙungiya a allo. Wannan yana da wani amfanin ma, domin abin da ya shiga akwati ko asusu ana iya ƙirga shi a gaban kowa.

Tambaya daga Argungu

Ɗana yana cikin wata ƙungiyar waƙa. Ya sayar wa mutanen unguwa tikiti kusan 40, wasu a hannu wasu ta taransifa zuwa asusunsa, ya miƙa kuɗin ga mai shirya wasan. Sai aka ɗage wasan, har yau ba a sa rana ba, mutane kuma suna zuwa ƙofar gidana suna neman kuɗinsu. Wa ya kamata ya biya su?

Amsa

Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri. Wanda ya shirya taron, wanda sunansa yake kan tikitin, kuma kuɗin ya ƙare a hannunsa, shi ne zai mayar. Ɗanki wakili ne, matuƙar dai ya miƙa abin da ya karɓa. Amma mutanen unguwa ba su san wancan ba, ɗanki suka sani, don darajar gidanku suka saya, shi ya sa ƙofarki suke zuwa. Wannan shi ne nauyin da masu ba yara tikiti ba sa sanyawa a lissafi: abin da yaron yake sayarwa a zahiri shi ne yardar da danginsa da maƙwabtansa suka yi masa.

Abin yi yanzu shi ne ya rubuta sunan kowane mai saye da lambar tikitinsa da abin da ya biya, ya je banki ko ya duba manhajar wayarsa ya ciro bayanin shige da ficen asusunsa, wanda zai nuna kuɗin da ya shigo da ranar da ya tura wa mai taron. Idan a hannu ya miƙa, ya nemo waɗanda aka yi a gabansu. Da wannan takarda mahaifinsa ko kawunsa zai raka shi wurin mutumin, a nemi ɗayan biyu: ko ya sa ranar wasa tabbatacciya a sanar da masu tikiti, ko ya sa ranar mayar da kuɗi, ya rubuta ya sa hannu. Idan ya ƙi, a kai maganar gaban mai unguwa ko hakimi, in ta faskara a tafi kotu, domin takardar banki hujja ce mai ƙarfi. La'adar da ɗanki ya riga ya cire, idan ya cire, ita ma sai ta koma cikin kuɗin da za a mayar, tunda cinikin bai tabbata ba. Masu zuwa ƙofarki kuma a nuna musu takardar, a gaya musu ranar da aka tsayar, kada a bar su da jita-jita. Idan ƙungiyar tasu za ta ci gaba da wannan sana'a, su yi wa sunanta rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC su buɗe asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, don kuɗin jama'a ya daina bi ta asusun yaro ɗaya.